Yadda ake samun lasisin kitso da kwalliya a Amurka, daga zaɓen makaranta zuwa jarrabawa

A Kano ko Damagaram, yarinya kan koyi kitso ne a tsakar gida, tana miƙa wa yayarta kibiya da mai, har wata rana a ce ta ƙarasa wa ƙanwarta shuku. Ranar da hannunta ya faɗa, shi ke nan ta zama makitsiya, ba mai tambayar ta takarda. Wadda ta ɗauko wannan sana'a ta sauka da ita Amurka sai ta tarar da wani sha'ani daban. A can doka ta sa ido a kan galibin masu taɓa kan mutum ko fatarsa don kuɗi, kuma dokar ba guda ɗaya ba ce. Gwamnatin tarayya ba ta ba da lasisin kwalliya. Kowace jiha tana da hukumarta da adadin awannin karatun da take nema da irin jarrabawarta. Abin da ƙawarki ta Dalas ta faɗa miki gaskiya ne a Teksas, amma in kika yi aiki da shi a Bironks ta Niyok ana iya cin ki tara.

Don haka, 'yar'uwa, kada ki fara da neman makaranta. Makaranta kasuwanci take yi, kuma mai karɓar ɗalibai ba zai ce miki kwas ɗin da yake sayarwa ya fi ƙarfin buƙatarki ba. Ki fara da hukumar jihar da kike zaune.

Mataki na farko: tantance aikin da za ki yi, ki nemo sunansa a dokar jiharki

Ki zauna ki rubuta abin da hannunki zai riƙa yi wa mutane. Kitso ne kawai da ƙarin gashi? Ko har da wanki da rini da man miƙar da gashi? Da gyaran farce? Da gyaran jikin amare? Amsar wannan ita ce za ta nuna ko wata biyu za ki yi a aji, ko shekara guda, ko ma ba sai kin shiga aji ba.

Babban lasisi shi ne wanda suke kira cosmetology. Ya haɗa gashi da fata da farce gaba ɗaya, kuma shi ya fi cin lokaci. Niyok da Kalifoniya da Teksas suna neman awa 1,000. Fulorida na neman 1,200. Jojiya da Karolina ta Arewa da Ilinoi suna neman 1,500. Waɗannan lambobi kan motsa: Kalifoniya awa 1,600 take nema har zuwa ranar 1 ga Janairun 2022 da sabuwar dokarta ta fara aiki, Teksas kuma daga 1,500 ta sauko. Saboda haka lambar da kika ji daga bakin wadda ta yi karatunta shekara goma da suka wuce, ki sake duba ta a shafin hukumar.

Ƙarƙashin babban lasisin akwai ƙanana. Niyok ce ta fi rarrabe su dalla-dalla: gyaran fata awa 600, gyaran farce 250, cire gashi da kaki 75, sai kuma wanda ya shafi makitsa, wato natural hair styling, awa 300. Ma'aikatar da ake kira Department of State ce ke ba da su duka. Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa a garin Girinsboro, ita ma tana da lasisin kula da gashi ba da sinadari ba, na awa 300.

Sai kuma jihohin da suka cire kitso daga cikin doka kwata-kwata, kuma yanzu su ne mafiya yawa. Kalifoniya da Jojiya da Merilan suna ciki. Fulorida ta shiga sahu a 2020. Labarin Teksas ya cancanci a ji shi. An kama wata makitsiya mai suna Isis Brantley a Dalas a 1997 saboda tana kitso ba lasisi. A 2007 jihar ta ƙirƙiro kwas na awa 35 don makitsa, amma ta ce duk mai son koyar da shi sai wurinta ya cika sharuɗɗan makarantar aski: faɗin ƙafa murabba'i 2,000, kujerun aski goma da wuraren wankin kai biyar. Makitsiya me za ta yi da kujerar aski? Matar ta kai ƙara, kotun tarayya ta ba ta gaskiya a Janairun 2015, a shekarar kuma majalisar jihar ta soke lasisin kitso baki ɗaya.

To amma a nan ne mata da yawa ke zamewa. Sassaucin na kitso ne zalla: tsifa, kitsewa, murɗawa, ƙara gashi. Da zarar kin shafa wa wata rini ko man miƙar da gashi, kin fita daga inuwar sassaucin, kin shiga aikin da ke buƙatar lasisi. Haka ma halawa. A wurinmu gyaran amarya ne da aka gada daga Sudan da Barno, amma a idon hukuma cire gashi ne, kuma cire gashi na cikin ayyukan masu lasisi. Dilka ma goge fata ce. Kafin ki sa su a allon shagonki, ki aika wa hukumar tambaya a rubuce, ki ajiye amsar da suka ba ki.

Mataki na biyu: takardunki

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Shekaru: 17 a Niyok da Kalifoniya da Teksas, 16 a Fulorida. Ilimi: wasu jihohi na neman shaidar kammala sakandare ko jarrabawar GED da ke madadinta, Kalifoniya kuwa aji na goma ya wadatar. In takardarki ta WAEC ce ko ta makarantun Nijar, makarantar za ta iya sa ki kai ta wurin masu fassara da tantancewa. Galibin hukumomi na tambayar lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnati ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki. Kalifoniya tana karɓar lambar haraji ta ITIN a madadinta. Wadda ke waje tana son zuwa karatun, bizarta ita ce M-1 ta koyon sana'a, kuma sai makarantar tana da izinin ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar. Bizar ziyara ba ta halatta wannan karatu ba.

Wadda ta riga ta ƙware tun daga gida ta tambaya ko akwai ƙofar gogewa. Niyok tana duba aikin shekara biyar da aka yi a wajen jihar, amma da hujja a rubuce. Matsalar ita ce yawancinmu a zaure da tsakar gida muka yi aikin, ba rasit ba rajista.

Mataki na uku: zaɓen makaranta

Abubuwa biyu ne ake rikitawa a nan, kuma rikita su na jawo asarar dubban daloli.

Na farko shi ne amincewar jiha. In jiha ba ta amince da makaranta ba, awannin da kika yi a cikinta ba su da amfani, ko da kin fito kin fi malamar iya aiki. Kowace hukuma tana da jerin makarantun da ta yarda da su a shafinta na intanet. Ki nemo sunan makarantar da adireshinta a jerin da idonki, domin wani lokaci reshe ɗaya ke da izini ɗayan babu. A Niyok, makarantun kuɗi suna ƙarƙashin wani ofishi na ma'aikatar ilimin jihar da ake taƙaita sunansa BPSS. A Kalifoniya sai makaranta ta samu izini biyu, na hukumar aski da kwalliya da kuma na ofishin BPPE mai kula da makarantun kuɗi na gaba da sakandare. A Teksas hukumar TDLR ce, mai ba da lasisin sana'o'i.

Na biyu shi ne tantancewar wata ƙungiya mai zaman kanta da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta yarda da ita. Wadda ta fi shahara a wannan fanni ita ce NACCAS. Makaranta na iya zama halastacciya ba tare da wannan ba, amma ɗalibanta ba za su samu tallafin gwamnatin tarayya ba. In makarantar tana cikin tsarin tallafin, kuma ke 'yar ƙasa ce ko mai girin kad ko 'yar gudun hijira da aka amince da ita, sai ki cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu. Daga nan ake sanin ko za ki samu Pell Grant, wanda kyauta ne ba a biya, ko kuma rance. Ki bambance su da kyau tun kafin ki sa hannu. Rancen karatu yana da ruwa, kuma yana bin mutum ko ya gama ko bai gama ba.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Wani bincike da ƙungiyar lauyoyi ta Institute for Justice ta fitar a 2021 ya nuna matsakaicin kuɗin cikakken kwas ya haura dala 16,000, kuma ɗaliban da ke gamawa a kan lokaci ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Shi ya sa nake ganin kafin makarantar kuɗi, a fara leƙa kwalejojin gwamnati na unguwa da makarantun koyon sana'a na jiha. Gininsu ba shi da ƙyalƙyali, layin shiga ma kan yi tsawo, amma awa ɗaya a can daidai take da awa ɗaya a makarantar da ke talla a Instagram.

Ranar da kika je ganin makaranta, ki tafi da tambayoyinki a takarda. Nawa ne kuɗin duka, har da akwatin kayan aiki da littattafai da yunifom? In na wuce ranar da aka yanka mini ta gamawa, nawa ake caji a kan kowace awa ta ƙari? Wannan caji shi ne tarkon da ke kama mai yara ƙanana, domin ciwon yaro na mako biyu kan koma ɗaruruwan daloli. In na bari a tsakiya, nawa za a mayar mini, kuma za a ba ni takardar awannin da na yi? Wasu makarantu kan riƙe takardar sai an biya sauran bashi. Cikin ɗalibanku na bara, nawa suka ci jarrabawar jiha?

Akwai kuma tambayoyin da mu kaɗai za mu yi. Shagon makaranta yana karɓar kowa, maza da mata, kuma ana iya turo miki namiji ki yi masa aski. In wannan zai dame ki, ki faɗa tun ranar farko, tare da batun hijabi da lokacin salla, a rubuta abin da aka amince a kai. Ya fi a ce sai kin biya rabin kuɗi sannan maganar ta taso.

Wasu jihohi suna da hanyar koyo a hannun mai shago a maimakon makaranta. Awannin sun ninka, Kalifoniya 3,200 cikin shekara biyu, Jojiya 3,000, amma kina cikin aiki ne ba kina tara bashi ba. Sharaɗin shi ne a yi wa koyon rajista da hukuma tun daga farko. Shekara biyu a shagon antinki ba tare da rajista ba, ba za a ƙirga miki ko awa ɗaya ba.

Mataki na huɗu: abin da za ki tarar a aji

Jiha ce ke yanka manhaja, makaranta bi kawai take yi. Ga yadda Kalifoniya ta raba awa 1,000 ɗinta, don ki ga misali: lafiya da kiyaye haɗari 100, tsabta da kashe ƙwayoyin cuta 100, aikin gashi da sinadarai 200, yanka da gyaran gashi 200, kula da fata 150, cire gashi da gyaran gira da gashin ido 50, farcen hannu da na ƙafa 100. Ragowar ɗarin makaranta ke cikewa. Ki lura babu inda aka ware wa kitso awanni na kansa. Makitsiyar da ta shiga wannan kwas don kitso kawai ta sayi doki ne don zuwa maƙwabta.

Awannin na agogo ne. Za ki danna na'ura in kin shigo, ki danna in za ki fita, kuma abin da na'urar ta rubuta shi ake aika wa jiha. Mai zuwa awa 35 a mako za ta gama awa 1,000 cikin kusan wata bakwai. Mai zuwa da yamma awa 20 a mako sai ta kusa shekara. Ki riƙe littafinki na kanki kina rubuta awannin kowace rana, ki gwada da na makaranta duk ƙarshen wata. Kuskure kan faru, kuma gyara shi a watan da ya faru ya fi sauƙi.

Makonnin farko a aji ake yi da littafi da kan roba mai gashi. Sai kin cika wasu awanni sannan a sake ki zuwa shagon makaranta, inda mutanen gari ke zuwa gyara da araha, malama tana tsaye a kanki. Ba a biyan ɗaliba a wannan aiki.

Ɓangaren da na fi so mata su ba muhimmanci shi ne na tsabta, domin nan ne al'adar gida da dokar can suka fi rabuwa. Za a koya miki cewa wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Mataji da almakashi sai an fara wanke su da sabulu an cire gashi da maiƙo, sannan a nutsar da su gaba ɗaya cikin maganin da hukumar muhalli ta EPA ta yi wa rajista, na tsawon mintocin da aka rubuta a jikin kwalbar, sau da yawa goma. Abin da ke shan ruwa, kamar auduga da magogin farce na takarda, sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Za ki koyi gane makero da ƙwarƙwata da amosani, da sanin wanda za ki yi wa aiki da wanda za ki ce ya fara ganin likita. Za ki kuma ji sunan abin da muka daɗe muna gani a goshin 'yan mata: zubewar gashin gaba saboda tamke kitso shekara da shekaru, wanda in ya yi nisa gashin ba ya dawowa.

Sai ilimin sinadarai, wanda ke tsorata masu ƙaramin boko, alhali ba shi da wuya in an haɗa shi da abin da hannu ya sani. Gashi da fata suna tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH. Man miƙar da gashi mai ƙarfi yana haura 12, shi ya sa yake ƙona fatar kai in ya daɗe. Rini kuma ana gwada shi a bayan kunne ko lanƙwasar hannu awa 24 zuwa 48 kafin a shafa, saboda sinadarin PPD da jikin wasu ba ya ɗauka. Wannan sinadarin ne ake zubawa a baƙin lalle don ya yi baƙi ƙirin da wuri. Masu ƙunshi su sani: hukumar abinci da magunguna ta FDA ta amince da lalle ne a matsayin rinin gashi kawai, kuma ba a yarda a sa PPD cikin abin da za a shafa wa fata ba.

Daɗaɗɗen ƙorafi a kan waɗannan makarantu shi ne ba sa koyar da gashi irin namu. Abin ya fara canzawa. A Nuwamban 2023 gwamnar Niyok, Kathy Hochul, ta sa hannu a dokar da ta wajabta koyar da aiki a kan kowane irin gashi, har da mai murɗe da mai tauri. Niyok ta kuma sa darasin awa ɗaya a kan gane alamun matar da ake duka a gida, tunda mace kan faɗa wa makitsiyarta abin da ba ta faɗa wa uwarta ba.

Mataki na biyar: jarrabawa da neman lasisi

In awanni sun cika, makaranta za ta tabbatar wa hukuma, ke kuma ki cike takardar neman lasisi ki biya. A Niyok kuɗin neman dala 40 ne, kuma sai likita ya sa hannu cewa ya duba lafiyarki. Jihar tana ba da lasisin wucin gadi na wata shida don ki fara aiki kafin ki gama jarrabawa.

Jarrabawa kashi biyu ce a yawancin jihohi, ta rubutu da ta aiki da hannu. Kalifoniya ta soke ta hannun a 2022, ta bar ta rubutu kaɗai. Ta rubutun tambayoyi ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu, makin ci kuma 70 ko 75 ne gwargwadon jiha. Jihohi da dama na amfani da tambayoyin wata majalisar hukumomin kwalliya da ake kira NIC, kamfanoni irin su PSI da Prometric kuma su gudanar. Ba a yin ta da Hausa. Wadda Turancinta bai nuna ba ta tambayi jerin harsunan da jiharta ke bayarwa da dokar zuwa da tafinta, ta kuma haddace kalmomin fannin tun tana aji, don su ne ke kayar da mutane, ba ilimin ba.

A jarrabawar hannu, ƙwararru kan faɗi saboda sun ɗauka kyan aiki ake dubawa. Mai jarrabawa yana kallon ko kin tsabtace hannu kafin ki fara, ko kowace kwalba da jaka tana da lakabi, ko mataji ya faɗi ƙasa kin ɗauka kin ci gaba da shi, ko kin san abin yi in jini ya fito. Kowace jiha tana da ɗan littafin bayanin jarrabawa kyauta a intanet mai ɗauke da jerin kaya da mintocin kowane aiki. Ki buga shi, ki sa agogo, ki yi ta maimaitawa a kan roba har hannunki ya saba.

Bayan lasisi ya fito

Ki rataye shi inda kike aiki, masu bincike na shigowa ba sallama. Yana ƙarewa: shekara huɗu a Niyok, biyu a Teksas da Kalifoniya da Fulorida, wasu jihohin kuma sai kin yi 'yan awannin ƙarin ilimi kafin sabuntawa. Lasisinki na hannunki ne kawai. Shago yana da nasa daban, a Niyok ma har mai hayar kujera a shagon wani sai ta yanki nata, kuma ana neman inshora. In za ki ƙaura wata jiha, ki sa tsohuwar hukumarki ta aika wa sabuwar shaidar lasisinki, ki kuma shirya jin cewa awanninki sun gaza nasu. Wasu kan cike giɓin da shekarun aiki, wasu kan mayar da mutum aji.

Mai son buɗe makaranta

Hajiyar da ta daɗe a sana'a tana son koyarwa a ba ɗalibanta awanni, tata hanyar ta fi tsawo. Za ta miƙa wa hukuma zanen ginin da faɗinsa, jerin kujeru da wuraren wankin kai gwargwadon yawan ɗalibai, manhaja da aka raba awa-awa daidai da ta jiha, samfurin yarjejeniyar ɗalibi da ƙa'idar mayar da kuɗi, bayanin kuɗin da take da shi, kuma a jihohi da yawa da takardar lamuni da za a biya ɗalibai daga ciki in makarantar ta rufe. Malamai galibi sai da lasisin koyarwa na daban, ko da yake Teksas ta soke nata a 2021. Ba a karɓar ɗalibi ko ɗaya sai mai bincike ya zo ya ga wurin an ba da izini. Tallafin tarayya kuwa sai makarantar ta yi shekara biyu tana aiki kuma ta samu tantancewa, don haka ɗaliban shekarun farko daga aljihunsu za su biya, kuma da wannan lissafin za a kama haya.